Sharar wa Yi Jie ke tsincewa?

Mun sake kallon Plastic China, fim ɗin Wang Jiuliang na 2016. Yi Jie, 'yar shekara 11, tana girma cikin tarin robobin da aka kwaso daga Amurka da Turai zuwa lardin Shandong na ƙasar Sin. Wang ba ya wa'azi, rubutun da ke jikin ledojin ya isa shaida. Sai dai kyamararsa ta maƙale a tsakar gidan. Ba mu ga cinikin ba: kwantenonin da suka kai kaya Amurka, maimakon su dawo fanko, sukan dawo da shara a kuɗi kaɗan. Mai kallo a Landan zai tashi da tausayi, ba da jin kunya ba. Da Sin ta hana shigo da sharar a 2018, jiragen sai suka karkata Malesiya.