Jinjina ga Maginan Pendon

Mai son shimfiɗa ƙaramin layin dogo sai ya fara tsai da girman kayansa, zamaninsa da wurinsa. A nan masu aikin sa kai na gidan tarihin Pendon a Ingila suka ciri tuta. Roye England ya kafa shi a 1954, don takaicin ganin gidajen jinka na kwarin White Horse suna ɓacewa. Don gina ƙaramin samfurin kwarin, suka zaɓi shekarun 1930 da ma'aunin 1:76, inda mutum bai wuce gaɓar yatsa ba. Da kwali suke gini, kowane tubali a shafa masa launinsa da hannu, jiragen ƙasa na kamfanin Great Western kuma suna ratsa gonaki. Gida ɗaya kan ci watanni. Haƙurinsu ya cancanci yabo.