Jinjina ga Masu Rubuta Jagorar Manhaja

Duk wanda ya taɓa raba dare a gaban kwamfuta yana fama da umarnin da ya ƙi aiki, ya san darajar shafin bayani mai tsari. Shi ya sa nake jinjina wa masu rubuta jagorar manhaja, mutanen da ba kasafai ake jin sunansu ba.

A watan Nuwamban 1971, Ken Thompson da Dennis Ritchie na Bell Labs a Amurka suka fitar da jagorar manhajar Unix ta farko. Tsarin da suka shimfiɗa yana nan har gobe: sunan umarni da aikinsa a taƙaice, sai yadda ake rubuta shi, sai cikakken bayani, sai shafukan da ya kamata a duba. Har sashe suka ware wa kurakuran da suka san suna cikin manhajar, ba su ɓoye aibin kayansu ba. Rubuta "man ls" a Linux, manhajar da ta bi tsarin Unix, ka gani: abin da ke cikin baka mai kusurwa na zaɓi ne, ɗigo uku kuma na nufin ana iya maimaitawa.

Masu harshen rubuta manhaja na Python ma sun kafa ƙa'idar PEP 257 a 2001: bayani ya fara da layi guda na taƙaitawa, a tsallake layi, sannan a faɗaɗa.

Aikin nan sai mai haƙuri da tausayin na baya, domin ɗan koyo da shi yake kama hanya. Allah Ya saka musu da alheri. Kai kuma mai rubuta manhaja, kada ka sake ta babu jagora.