Nazari a Kan Al'adar Sauya Sunan Taskar Manhaja

Daga cikin mas'alolin da kan haddasa saɓani tsakanin masana kimiyya masu rubuta manhajar kwamfuta, akwai wata wadda a zahiri ƙarama ce, sai an shiga cikinta ake ganin zurfinta: idan taskar da aka gina domin aiki guda ta bunƙasa har ta zarce abin da sunanta yake nufi, a raɗa mata sabon suna ne, ko a bar ta da sunanta na yanka?

Masu ra'ayin sauyi sukan kafa hujja da IPython, wanda Fernando Pérez ya fara a 2001 yana ɗalibin fiziks a Jami'ar Colorado ta Amurka, domin ya sauƙaƙa wa kansa aiki da harshen Python. Da tafiya ta yi nisa, littafinsa na allo, wanda mai bincike kan haɗa lissafi da zane da sharhi a shafinsa guda, ya buɗe ƙofa ga wasu harsuna, alhali sunan yana nan yana faɗa wa ma'abota harsunan R da Julia cewa wurin ba nasu ba ne. A 2014 aka fito da Jupyter, suna mai ishara ga harsunan uku da kuma rubuce-rubucen Galileo a kan watannin Mushtari, wato Jupiter. Hikimar da na gani a nan ita ce ba su shafe tsohon ba: sun raba aikin biyu, ɓangaren Python ya ci gaba da amsa sunansa, kuma har yau duk littafin da aka ajiye yana ƙarewa da .ipynb, domin da sun taɓa waɗannan haruffa biyar da sun ɓata wa dubban mutane aiki ba gaira ba dalili.

Illar sauyi tana nan ne, domin sunan taska yana rubuce a layin farko na umarnin kowane mai aiki da ita, da cikin maƙalolin da aka riga aka buga, waɗanda ba mai iya komawa ya gyara. Kuma kamar yadda malaman hadisi ba sa natsuwa da riwayar da isnadinta ya yanke, haka wanda ya zo tabbatar da sakamakon wani bayan shekara goma yake buƙatar ya bi sunan ya isa ga ainihin abin da aka yi lissafin da shi. Alal misali, a 2011 taskar scikits.learn ta koma sklearn a cikin umarni, yayin da ake saukar da ita da sunan scikit-learn, sai jama'a suka yi ta rikita biyun, har masu kula da ita suka sa, daga ƙarshen 2023, duk wanda ya nemi saukar da ita da gajeren sunan ya gamu da saƙon kuskure.

Saboda haka ban yarda bunƙasa kaɗai ta isa uzuri ba. Wes McKinney ya ciro sunan taskarsa pandas daga wani nau'in bayanai na masana tattalin arziki. A 2019 aka cire ɓangaren da ke ɗauke da wannan nau'in ɗungurungum, sunan bai motsa ba, ba kuwa wanda ya ɓace hanya. Larura ita ce sunan ya kori mutane, ko ya yi karo da wani, kamar xray da ta koma xarray a 2016 saboda sunan ya yi karo da fagen kimiyyar hasken X-ray. Mutanen GCC kuwa dabara suka yi: a 1999, da manhajarsu ta wuce harshen C kaɗai, sai suka sauya abin da haruffan uku suke wakilta, suka bar haruffan yadda kowa ya saba bugawa.