Gas Ɗin Cikin Kwal: Tashar Tana Da Tsabta, To Rijiyoyin Fa?

Idan ka taɓa jin ana cewa iskar gas "gada" ce da za ta tsallakar da duniya daga ƙona kwal zuwa hasken rana da iska, to jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya wuri ne da za ka iya gwada wannan magana da idonka. A shekarar 2010 kamfanin Origin Energy ya buɗe tashar lantarki ta Darling Downs kusa da garin Dalby, mai ƙarfin megawat 630. Abin da take ƙonawa gas ne da ake zuƙowa daga cikin jijiyoyin kwal da ke kwance a ƙarƙashin gonakin yankin.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don a nan ne duk rigimar take. Kwal ɗin da ke ƙarƙashin ƙasa cike yake da tsage-tsage, kuma iskar metan tana manne a jikinsa. Nauyin ruwan da ke cikin waɗannan tsage-tsagen ne yake danne ta. Don haka in kana son gas ɗin, sai ka haƙa rijiya ka fara janye ruwan tukuna. Da zarar matsi ya ragu, sai metan ta saki kwal ta biyo rijiya ta fito. Kamar dai ka buɗe murfin lemon kwalba ne kumfa ta taso. Wato kafin ka ga gas, ruwa za ka fara gani, kuma da yawa.

Gaskiya ita tashar tana da abin yabo. Tana da injinan gas uku, sannan zafin hayaƙinsu ba ya tafiya a banza, ana tafasa ruwa da shi a juya injin tururi na huɗu. Irin wannan tsari yana fitar da hayaƙin kabon da bai kai rabin na tsohuwar tashar kwal ba a kan kowane yunit na wuta. Kuma da iska ake sanyaya ta maimakon ruwa, shi ya sa kamfanin yake alfahari da cewa ruwan da take sha kaɗan ne ƙwarai.

To ina matsalar? Matsalar ita ce lissafin ya tsaya a bakin katangar tashar. Ka yaba wa tasha cewa ba ta shan ruwa, alhali man da take ci sai an janye ruwan ƙasa kafin a same shi? Ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin gas ɗin yana da gishiri. Ana tace shi a bai wa manoma ko a zuba a kogi, amma tacewar tana barin ruwan gishiri mai kauri da ake tarawa a manyan tafkuna, kuma inda za a kai wannan gishirin a ƙarshe har yau ana muhawara. Bugu da ƙari, wannan jijiyar kwal ta Surat tana cikin babban rumbun ruwan ƙasa da ake kira Great Artesian Basin, wanda makiyaya da ƙauyuka suka dogara da shi. Ofishin gwamnatin jihar da ke bin diddigin ruwan ƙasa ya yi hasashen cewa ruwa zai ja baya a ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse na manoma. Doka ta wajabta wa kamfani ya gyara wa manomi ko ya biya shi diyya. Amma ka tambayi kanka: kuɗi suna mayar da ruwan da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa?

Na biyu, yawan rijiyoyin. Rijiya ɗaya ba ta iya zuƙo gas daga fili mai faɗi, saboda haka sai an haƙa dubbai, kowace da hanyarta, da bututunta, da famfonta, a tsakiyar gonakin auduga da dawa da alkama. Wannan ne ya haifar da ƙungiyar manoma da masu kare muhalli mai suna Lock the Gate a 2010, waɗanda suke kulle ƙofar gona su hana kamfani shiga.

Na uku, yoyon metan. A cikin shekara 20, kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kusan sau 80 fiye da kilo ɗaya na hayaƙin kabon. Ka ga kenan ko kaɗan ne ya tsere daga dubban rijiyoyi da bututai, ribar da aka ce an samu a kan kwal tana raguwa. A 2016 wani ɗan majalisa mai suna Jeremy Buckingham ya kyasta wa kogin Condamine wuta a cikin bidiyo, saboda metan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasansa. A nan fa sai mu yi adalci: masana sun nuna cewa gas ya daɗe yana tsattsafowa da kansa a yankin, saboda kwal ɗin yana kusa da sama. Bidiyo kaɗai ba hujja ba ce. Darasin da ya fi muhimmanci shi ne, in ba a auna kogi da rijiyoyi da kyau kafin a fara haƙa ba, daga baya kowa zai iya musanta abin da ya ga dama.

Na huɗu, kuɗi. An gina irin waɗannan tashoshi ne lokacin da gas yake da arha a cikin gida, kuma gwamnatin jihar tana tilasta wa masu sayar da wuta su samo wani kaso daga gas. Daga 2015 sai masana'antu uku da ke tsibirin Curtis kusa da Gladstone suka fara sanyaya gas har ya zama ruwa suna lodawa jiragen ruwa zuwa Asiya. Farashi a gabashin Ostireliya ya tashi, har a 2017 gwamnatin tarayya ta kafa tsarin da zai ba ta damar taƙaita fitar da gas. Manomi ya ɗauki nauyin rijiya a gonarsa, arhar kuma ta hau jirgi. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan labari: gas yana fita daga Bonny, tashoshin wuta na gida kuma suna kukan ba su samun isasshe.

Hukuncinmu dai shi ne, tashar Darling Downs injiniyanci ne mai kyau, amma kiran ta "mai tsabta" rabin gaskiya ne. Tasha ba ta rabuwa da rijiyoyin da ke ciyar da ita. Don haka duk ranar da aka tallata maka sabuwar tashar gas, ka nemi amsar abu huɗu: ruwa nawa za a janye, ina gishirin zai je, wa zai auna yoyon metan ban da kamfanin da kansa, kuma wa aka yi wa alkawarin gas ɗin a rubuce na shekara 20 masu zuwa.