Shaihu Umar: Kirkin Gado da Kirkin Zaɓi

Da wuya ka sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai haɗu da Shaihu Umar ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Mu nan Sabo muna da dalilin riƙe shi fiye da kowa, domin labari ne na Bahaushen da ya girma nesa da gida bai zubar da addininsa da mutuncinsa ba. Shi ya sa iyaye kan buga misali da shi in suna yi wa yara faɗa.

To amma muna ganin an daɗe ana yabon littafin ta gefe guda. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a cikin labarin nan, wa ya zauna ya zaɓi hanyarsa da kansa?

Mu dubi Umar. An sace shi yana ƙarami, aka kai shi Kano cikin bayi, Balaraben nan Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Duk wannan yi masa aka yi. Ya faɗa hannun mutumin kirki, ya tashi da kirki. Da wani mugun ne ya saye shi fa? Littafin bai taɓa ajiye shi a mararraba ba, inda gaskiya za ta ci masa kuɗi ko matsayi, mu ga wadda zai ɗauka. Haƙurinsa abin so ne, amma mai karatu ba ya ganin gumin da aka sha kafin a same shi. Nan ne raunin littafin, kuma ba ƙarami ba ne.

Yanzu mu dubi mahaifiyarsa. Ita ba wanda ya tura ta. Tana da miji, tana da dangi, kuma da ta zauna ta ce ta bar wa Allah, ba mai zarginta. Sai ta tashi neman ɗanta. Aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka ratsa sahara da ita har Murzuk, daga nan Tarabulus. Ta rasa 'yanci, ta rasa lafiya, amma ba ta sake abin da ta fito dominsa ba. Da ta ga ɗan nata, ba ta jima ba ta cika. A wurinmu ita ce kaɗai a littafin da ta san abin da ya fi mata komai, ta kuma biya farashinsa da ranta. Shafukan da ke ba da labarinta su suka fi rai, amma sunan littafin da yabon duk ɗan ya kwashe.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Makau, mijin uwar Umar, an nuna shi mutum ne mai gaskiya, har fadawan Kagara suka ƙulla masa sharri aka kore shi daga gari. Amma ina aka ƙulla sharrin? A kan harin kamo bayi, wanda shi ma da shi aka je. Abdulkarim mai tausayi kuwa, ai fataucin bayi na cikin sana'arsa. Marubucin ya nuna mana wahalar bayi a hanyar sahara ba tare da ɓoyewa ba, wannan kam a yaba masa. Sai dai mutanen kirkin labarin ba mu ga sun tsaya sun tambayi kansu ko abin da suke ci da shi ya dace da abin da suke faɗa ba. Kirkinsu ya tsaya inda al'adar zamaninsu ta tsaya.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu. Tun da aka kafa Sabo a Ibadan a 1916, jarin unguwar nan amana ce. Fatake su kawo shanu daga Arewa, mai gida ya tsaya musu, mahautan gari su ɗauka bashi a kan maganarsa kawai. Haka goro ya riƙa tafiya Arewa. Yau ga 'yan canji, ga masu kayan gwari, ga yaranmu 'yan acaba, kuma har gobe kalmar baki ce ke riƙe da ciniki. Waɗanda suka gina sunan nan ba gadonsa suka yi ba. Kowannensu ya sami ranar da zai iya cin amana ba wanda ya gani, ya ƙi.

Yaron da ya taso a nan ba shi da garin da kowa ya san kakansa, balle kunyar idon jama'a ta tsare shi. Yana jin Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turanci a waya, kowanne da abin da yake kira nasara. In kirkinsa irin na Umar ne, wato na wanda ya yi sa'ar mai riƙo, to ranar da mai riƙon ya kau, sai yadda iska ta yi da shi. An ce hali zanen dutse, amma ai sai an sa hannu an zana.

Saboda haka ba mu ce a ajiye Shaihu Umar ba. Hausarsa mai sauƙi ce, gajere ne, ana iya gama shi a zama biyu, kuma malaman Islamiyyunmu da na boko za su ci riba in suka karanta shi da ɗalibai. Roƙonmu dai shi ne, in an gama, kada a tsaya a kan cewa Umar ya yi haƙuri. A tambayi yaran: me uwarsa ta ƙi sakewa, kuma nawa ta biya? Sa'an nan kowa ya faɗi nasa abin da ba zai sayar ba ko nawa aka taya. Mu manya ma tambayar ba ta bar mu ba.