Sanayya a Dandamalin Broadway

Masu sukar wasan kwaikwayon waƙa na Broadway sun daɗe suna cewa harkar ta ƴan gida ce. Fuskokin da ka gani a wannan wasa su za ka sake gani a wancan, wanda ba shi da uwa a gindin murhu kuwa sai ya tsufa a bakin ƙofa. Sanayya kam akwai ta. Amma wanda ya kira ta aibi bai lura da yadda ake rubuta waƙar dandamali ba.

A duba Lin-Manuel Miranda, wanda ya rubuta waƙoƙin wasanni biyu kuma ya fito a jaruminsu. In the Heights ya hau Broadway a 2008, Hamilton a 2015, duka a zauren Richard Rodgers da ke New York, kuma Thomas Kail ne ya ba da umarni a duka biyun. Christopher Jackson da ya fito a Benny a na farko shi ne George Washington a na biyu.

Inda na fi son a tsaya shi ne kan Daveed Diggs. Miranda ya san shi a ƙungiyar Freestyle Love Supreme, masu ƙirƙirar gambara nan take a gaban jama'a, don haka ya san iyakar gudun harshensa. A kashin farko na Hamilton, Diggs ne Lafayette, Bafaranshen da ke shigowa da Turanci a daddafe, kafin a kai waƙar Guns and Ships ya koma zuba baiti ba ko numfashi, yana tsalle daga kan tebur. Bayan hutun tsakiya sai ga shi ya kwance gashi, ya sa doguwar kwat, ya riƙe sanda, ya zama Thomas Jefferson, yana taku da kiɗan da ya kwana biyu, alamar mutumin da zamani ya wuce shi yana Faransa. Fuskar aminin Hamilton ce ta dawo a abokin gabansa, ɗan kallo kuma yana jin zafin haka ba tare da an gaya masa ba. Tela ba ya yanka irin wannan ɗinki sai ya san awon mai riga.

Ni a ganina ma masu lissafa alaƙa da sunayen da ke bayan faifai sun bar jaki suna dukan taiki. Alaƙar gaske tana wajen ɗan jiran gado, mai haddace rawar wani yana zaune bayan labule, a harkar da ake wasa sau takwas a mako. Javier Muñoz ya yi wa Miranda wannan jira a In the Heights, ya gaje shi a 2009, ya sake yi masa a Hamilton, ya sake gadonsa a Yulin 2016. Da alfarma ce kawai, da ƴan kallon da suka biya kuɗin tikiti sun tona asirinta tun a karon farko.