Zaren ɗaukar sauti a matsayin abin kiɗa: faifan farko na rukunin This Heat

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu duba faifan farko na This Heat, wani rukunin makaɗan rok na birnin Landan wanda ko a Ingila ba kowa ya san shi ba. Mutum uku suka kafa shi a 1976: Charles Hayward mai ganguna, Charles Bullen mai jita, da Gareth Williams. Sun watse a 1982, bayan manyan faya-fayai biyu kacal. Masu sharhi da yawa sun fi son na biyun, wato Deceit, da kamfanin Rough Trade ya fitar a 1981, sai su ɗauki na farkon kamar sharar fage. Mu kam ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Faifan ya fito a 1979 a wani ƙaramin kamfani mai suna Piano, na David Cunningham, kuma ba shi da wani suna ban da na rukunin. An ɗauki abin da ke cikinsa tsakanin Fabrairun 1976 da Satumban 1978. Abin lura a nan shi ne ba a wuri guda aka ɗauke shi ba, ba kuma da na'ura iri ɗaya ba: wani sashe a kaset na kowa da kowa, wani a sitidiyo mai layi 24, wani a gaban ƴan kallo. Daga baya aka yanyanka zaren aka harhaɗa. A cikin waɗannan shekaru ne suka samu ɗakin aiki a unguwar Brixton, tsohon ɗakin sanyi na wata masana'antar abincin nama, suka sa masa suna Cold Storage. Tun da ba hayar awa suke biya ba, sai suka riƙa ɗaukar kusan duk abin da suka kaɗa, suna komawa kansa su saurara su tsinta.

To, a nan batunmu yake. A wajen mafi yawan makaɗa, zare shaida ne kawai: an yi kiɗa, ya adana. A wajen This Heat kuwa shi kansa abin kiɗa ne. Misali mafi bayyana shi ne «24 Track Loop». Ɗan guntun zare ne aka haɗa bakinsa da wutsiyarsa yana zagayawa, makaɗan kuma suna kan teburin haɗa sauti suna buɗe wannan layi su rufe wancan, suna sauya kaurin amo. Kidan da mai sauraro ke ji bai taɓa faruwa a wani ɗaki ba. Hannun da ya buga gangar ya gama aikinsa tun tuni, wani hannu ne ke kiɗa da abin da ya bari. Haka ma «Horizontal Hold», inda kiɗa ke yankewa kwatsam, a faɗa wani yanayi dabam ba tare da gada ba. Ba a ɓoye ɗinkin, so ake a ji shi. Faifan ma yana buɗewa ya rufe da «Testcard», wani siririn amo da kan sa mutum ya zaci na'urarsa ce ta lalace.

Wannan hanya tana da nasaba da matsayin Williams. Bai koyi kiɗa ba kafin ya shigo, alhali Hayward gwani ne da ya riga ya yi aiki da Phil Manzanera a rukunin Quiet Sun. A ma'aunin gado da haye da muka saba da shi, Williams ko ɗan haye bai cika ba. Amma a ganinmu shi ya hana gwanintar sauran biyun zama ado, don kuwa wanda bai san inda ya kamata yatsa ya sauka ba da kunne yake aiki. A «Not Waving», murya mai rauni ce bisa dogon amo da kusan ba ya motsi, kuma ta fi wani tashin ganguna tayar da hankali.

Ba mu ce faifan ba shi da aibu ba. «Rainforest», da aka ɗauka a wasansu na farko a 1976, ya fi kama da abin tunawa ga masu shi, kuma akwai wuraren da gwaji ya tsaya a gwaji. Deceit ya fi shi tsari, saƙonsa game da tsoron yaƙin nukiliya a fili yake. Sai dai can waƙa ce ke jan ragama, zare yana yi mata hidima. A nan kuwa ba a riga an yanke wa ke gaba ba, kuma wannan jayayya ita ake saurare.

Batun ya shafe mu, mu da ke nazarin adabin baka. Mukan ɗauki kaset ɗin da muka yi wa makaɗi a matsayin wasan kansa, mu manta cewa mu muka zaɓi inda na'ura za ta zauna, da lokacin dannawa da na tsayarwa. Waɗannan mutum uku sun maida wannan zaɓi sana'arsu, shi ya sa sauraronsu ke sa mu sake duban namu kasusuwan da wani ido.

Akwai kuma aikin da suka yi da makaɗin Gana Mario Boyer Diekuuroh, wanda Tago Mago ta fitar a kaset a Faransa a 1982. Wannan sai a wani nazari na dabam.